Kafin Ka Ɗaure Tsohon Dokin Sukuwa A Turkenka

Da azumi ya raba tsakiya cinikin dawaki yakan tashi. Masu sarauta da 'yan kasuwa da samari kowa yana neman abin da zai hau ranar sallah, dillalai kuwa sun san haka sarai. A cikin dawakin da ake tallatawa a irin wannan lokaci, a kasuwar Maigatari ne ko a bargar wani attajiri a cikin gari, akwai waɗanda suka fito daga filin sukuwa. Ba su da wuyar ganewa: dogaye ne, ciki a ɗame, ido a buɗe, ƙafa ba ta zama wuri ɗaya. Mai saye yana ɗora ido sai ransa ya biya, balle in aka faɗa masa kuɗin ya ji da sauƙi.

Mu ma'aikatan lafiyar dabbobi ba a cika kiranmu ba sai bayan an biya la'ada. Ƙorafin kuma kusan iri ɗaya ne: ya ƙi tsayawa a hau shi, ya kwashi yaro da gudu ya ƙi jin linzami, ƙafar gaba ta kumbura, ko ciwon ciki ya kayar da shi cikin dare. Shi ya sa nake so mu yi maganar tun kuɗi yana aljihu.

Ni ina goyon bayan a sayi waɗannan dawaki. Doki in ya samu kulawa yakan kai shekara 25 har 30, sukuwa kuwa 'yan shekaru kaɗan take ci a rayuwarsa. Wanda ya rasa mai saye, ƙarshensa a loda shi a mota zuwa kudu inda ake yanka su, alhali da sauran aiki mai yawa a jikinsa. A Ingila tun shekarar 2000 hukumomin tsere suka kafa ƙungiya mai suna Retraining of Racehorses don sake horar da irin waɗannan dawaki, a Amurka ma an kafa Thoroughbred Aftercare Alliance a 2012. A nan wurinmu, aikin yana wuyan mai saye ne da yaron bargarsa.

Tambayar farko ita ce: me ya fitar da shi daga sukuwa? In dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, gudunsa ne ya ragu," to madalla, wanda gudu ya gagara shi ne ya fi dacewa da kilisa. Amma ba a barin doki mai cin tsere haka kawai, kuma sau da yawa amsar tana ƙafarsa. Don haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da sassafe, kafin a fito da shi daga barga, domin ɗingishi yakan ɓuya in jiki ya ɗumama. Ka tsuguna gefensa ka shafa bayan ƙafar gaba tun daga gwiwa har zuwa gaɓar da ke saman kofato. Jijiyar da ke wurin ya kamata ka ji ta a miƙe, da tauri, ba zafi. Ka gwada ta dama da ta hagu. In ɗaya ta fi kauri, ko ta tanƙwaro baya, ko ka matsa ya janye ƙafa, to jijiyar ta taɓu. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin doki, shi ya sa ɓarnar gudu ta fi sauka a kansu. Tabon lalas a wurin ma shaida ne cewa an taɓa jinyar ƙafar.

Daga nan ka sa yaro ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, kai kuma ka zuba wa kansa ido. Doki mai ciwo a ƙafar gaba yakan ɗaga kai sama daidai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa. A zagaya da shi ta dama, a zagaya ta hagu. A lanƙwasa ƙafar a riƙe kamar minti ɗaya, a saki a sake jan shi nan take. Ciwon gaɓa da ya ɓuya yakan fito a takun farko. Bayan ya yi ɗan gudu ka saurari numfashinsa ko akwai fito ko gurnani, ka duba hanci ko da jini.

Akwai abin da ido ba zai gani ba. Allurar kashe zafi, irin su phenylbutazone da dexamethasone, tana sa gurgun doki ya taka lafiya lau na yini ɗaya ko biyu. Maganin wannan shi ne ka dawo wata rana ba tare da ka sanar ba, ko ku yi sharaɗi a gaban shaidu cewa dokin zai kwana huɗu ko biyar a hannunka kafin a cika kuɗi. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Kuma kuɗin ɗauko likitan dabbobi ya duba maka bai kai kuɗin buhun gero ɗaya da za ka ciyar da gurgu ba. Shi zai auna zafin jiki, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius, da bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti in doki yana hutawa. Zai ɗaga leɓe ya ga dasashi: in ya yi fari ko ɗorawa-ɗorawa, sai a ɗebi jini a nemi cutar kaska ko sammore. Haƙora kuma su ke faɗin shekaru, ba bakin dillali ba. Asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna yin bincike mai zurfi ga wanda zai sayi doki mai tsada.

Jijiyar da ta taɓu ba ta hana saye, in dai an san da ita. Takan ɗauki wata tara zuwa shekara kafin ta warke, kuma ba ta komawa yadda take. In ta warke ta huce, dokin zai yi takama da kilisa shekaru da yawa. Amma wasan folo da zamiya da jafi a gaban sarki, waɗannan a cire su daga lissafi.

In ya shigo gida, a ware shi daga sauran dawaki da jakuna mako biyu zuwa uku, da bokitinsa daban. Wanda ya ga murar dawaki da ta ɓulla a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar a ƙarshen 2018 zuwa 2019, ta kashe jakuna bila adadin, ya san dalili. A cikin waɗannan kwanaki a ba shi maganin tsutsar ciki, a cire kaska, a yi masa rigakafin tetanus, wato cutar da ke sandarar da jiki, a gyara kofato.

Abinci kuwa nan ne aka fi yin kuskure, ta fuska biyu. Dokin sukuwa an saba ɗura masa gero da dawa don ƙarfin gudu. In ka ci gaba da ba shi haka alhali yana tsaye a turke, ƙarfin zai fito ta tutsu da harbi da cizo, ko ya sauka a kofato ya kumbura. In kuma ka yanke masa hatsin gaba ɗaya farat ɗaya, cikinsa zai rikice. A rage kaɗan-kaɗan cikin kwana goma zuwa sha huɗu, ana ƙara ciyawa da harawa. Doki mai kilo 400 yana buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 6 zuwa 8 a yini, a rarraba masa, domin tumbinsa ƙarami ne, an halicce shi ya yini yana tsinka. Galibin dawakin tsere suna fitowa da gyambon ciki saboda yawan hatsi da zama da yunwa tsakanin ci da ci. Alamarsa ita ce ƙin cinye abinci, rama, da fushi in an zo ɗaure majayi. Mutane sai su ce mugun hali ne, alhali ciwo ne ke cinsa. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. Kada a zuba masa abinci a kan yashi, domin yashin yana taruwa a hanji ya kawo ciwon ciki. Ruwa kuma a bar shi a gabansa kullum. A bazara lita 50 ba ta yi masa yawa ba. Gishiri kaɗan ya isa, kanwa ma ba a cika ta.

Wata ɗaya zuwa biyu na farko, kada a ɗora masa sirdi. A ja shi da ragama safe da yamma, ya ga gari, ya ga babura da awaki da yara. In da fili mai shinge a sake shi ya yi birgima. Zai ɗan faɗa a wannan lokaci, cikin ya sauko, kada hankalinka ya tashi ka koma kan gero.

Sai horo. Abin da nake roƙon jama'a su gane shi ne wannan doki ya yi karatu, kuma ya haddace abin da aka koya masa. A filin sukuwa mahayi yakan tattara linzami ya ja da hannu biyu, dokin ya jingina bakinsa a kai ya ƙara wuta. To ranar da ka tsorata ka ja linzami da ƙarfi, a fahimtarsa cewa ka yi ya tafi. Abin da ake yi a garuruwanmu shi ne a nemo linzamin gargajiya mai tudu a tsaka da zobe a haɓa, a ce shi zai karya shi. Na sha buɗe bakin doki in tarar da harshe a tsage, ganda ta yi miki, miyau da jini suna zuba, mai shi kuma yana mamakin me ya sa ya fara tabarya. Zafin ne yake gudu, ya rasa hanya sai sama. Wannan linzami na dokin da ya riga ya iya ne, a hannun mahayin da ya iya. A fara da mai sauƙi, mai gaɓa a tsakiya, kuma a koya masa tsayawa tun ana ƙasa: kana jan shi, ka yi masa kalma ɗaya da murya a kwance, ka ɗan ja ragama, yana tsayawa ka saki nan take ka shafa wuyansa. Sakin nan shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. In an hau, a ja a saki, a ja a saki. In ya ɗauki zafi a juya shi da linzami ɗaya ya yi ta kewaye har ya huce.

Tsayawa a hau ma baƙon abu ne a wurinsa, domin an saba cilla masa yaro marar nauyi yana cikin tafiya. Mutum ɗaya ya riƙe shi, ka sa ƙafa a likkafa ka cire, ka ɗora nauyinka ka sauka, har ya daina motsi. In ka hau ka zauna shiru ɗan lokaci kafin ku tashi. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Juma'a.

Sirdinmu na itace, da zubuka da jalala da sauran kayan ado, ya ninka sirdin sukuwa nauyi nesa ba kusa ba, ga shi waɗannan dawaki suna da dogon ƙashin doro da bai da nama. A ɗora sirdin a tabbatar yatsu uku suna shiga tsakaninsa da doron, a duba bayan an sauke ko gashi ya murje ko wuri ya yi zafi, tun kafin ya zama miki. Nauyin mahayi da kayan hawa gaba ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin, wato kilo 80 ga mai kilo 400. Alhaji mai jiki ya yi wannan lissafi kafin ya saya. Ƙaimi kuwa a ajiye shi tukuna, domin ko taɓa haƙarƙarinsa da dunduniya sabon abu ne gare shi.

Abu mafi haɗari shi ne taro. Dawaki sun jeru, mutane suna ihu, wannan a wurinsa shi ne bakin layin tashi. Don haka kilisar farko a haɗa shi da tsohon doki mai sanyin hali, su biyu kawai, a takama. Daga baya a ƙara na uku da na huɗu, wani lokaci yana gaba, wani lokaci yana baya. Kada a saba masa sukuwa a wuri ɗaya, kada a yi ta in an fuskanci gida, kada kuma samari su gwada tsere da shi don a ga ko da sauran gudun. Rana ɗaya ta irin wannan tana rushe aikin wata uku. Tambari da algaita da ƙarar bindiga a fara jiyar da shi daga nesa yana cin abinci, ana matsowa a hankali. In ingarma ne mai yawan faɗa kuma ba a nufin ya yi barbara, a shawarci likita kan fiɗiya.

Duk wannan yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, gwargwadon dokin da mai horar da shi. A cikin wannan lokaci ba a ɗora masa yaro, ba a ba baƙo aronsa. Kullum aka sauka a shafa jijiyoyin nan. In an ji zafi a kwarara ruwan sanyi minti ashirin, a dakatar da hawa, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda ya sayi nasa cikin azumin bana, ya nemi aro ko haya na dokin da ya saba shiga hawan Daushe ko hawan garinsu. Sabon kuma yaron barga ya riƙe shi da ragama can bayan taro, inda zai ji kiɗa ya ga dawaki suna wucewa, in ya fara gumi da rawar jiki a mayar da shi gida.