Share Gonar Rake Kafin Dasa Rogo: Tambayoyi da Amsoshi

Manoman da ke son mayar da gonar rake ta zama ta rogo suna yawan maimaita mini tambayoyi iri ɗaya, saboda haka na tattara amsoshin a nan.

Idan na sare raken, ba sai in dasa rogo a tsakanin kututturan ba?

A'a. Rake yana sake tohowa daga tushe, shi ya sa ake girbe gona ɗaya sau biyu ko uku ba tare da sabon dashe ba. Rogo kuwa a hankali yake tasowa a watanni 3 zuwa 4 na farko, kuma tohon rake zai rufe shi, ya shanye masa ruwa da taki.

Da me zan cire tushen?

Da diga ko garma. A tono shi gaba ɗaya da rani, a kifar da shi saiwa ta kalli sama har rana ta busar da ita.

In ƙona busasshen ganyen ko in bar shi?

Wannan ya danganta da gonarka. Ganyen da ya ruɓe yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma riƙe danshi, kuma ƙasar da ta daɗe tana ɗauke da rake tana bukatar hakan ƙwarai. Sai dai ganyen rake yana jinkirin ruɓewa, kuma idan ya yi tsibi yakan zama maɓoyar ɓeraye da gafiya, yakan kuma jawo gara, wadda ke cinye sandar rogo tun kafin ta fitar da saiwa. Idan akwai sauran watanni kafin dashe kuma gara ba ta addabi wurin ba, na fi son a daddatse ganyen a binne shi lokacin huɗa. Idan kuwa damina ta matso, ko an san gonar da gara, to a tattara ganyen da kututturan a gefe a ƙona su kaɗai, sannan a watsa tokar, domin tana ɗauke da sinadarin fotash da rogo ke bukata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cinna wa gona wuta baki ɗaya, musamman da iskar hunturu, ga gonakin maƙwabta a kusa.

Maganin feshi fa?

Ku daina fesa gilaifoset, wato maganin kashe ciyawa, a kan busasshen kututture, asarar kuɗi ce. Ta koren ganye yake shiga, don haka a bari toho ya kai gwiwa, a fesa, sannan a jira mako 2 zuwa 3 kafin huɗa.

Bayan na share, toho ya sake fitowa nan da can. Na yi kuskure ne?

Kada hankalinka ya tashi, hakan yakan faru. Ka bi shi da fartanya tun yana ƙarami.

Gonata fadama ce, rogo zai yi?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi. Rake yana son danshi mai yawa, rogo kuwa ruɓewa yake yi inda ruwa ke kwanciya. A ɗaga kunya sosai, a dasa sanda mai tsawon santimita 20 zuwa 25, tazarar mita ɗaya. Idan ruwa yana yini a gonar bayan an ɗauke sama, a nema wa rogon wani wuri.