Metabolizim: me ake nufi, kuma me ya haɗa shi da tsoka da ƙiba?

Masu neman rage ƙiba sukan ce, "Ni ai metabolizim ɗina ne ya yi sanyi, ko ruwa na sha sai ya zama kitse." Metabolizim dai shi ne aikin da jiki ke yi na sarrafa abinci ya mai da shi kuzari, kuma da kalori ake auna kuzarin. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuzarin da jiki ke kashewa a rana yana ƙonewa ne ko mutum yana kwance bai ɗaga yatsa ba, wajen numfashi da bugun zuciya da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Tsoka ta fi kitse cin kuzari. Kilo ɗaya na tsoka yana ƙona kusan kalori 13 a rana idan ana hutu, na kitse kuwa kusan 4.5. Akwai rata, amma ba ta kai yadda ake kambama ta ba: wanda ya ƙara kilo biyu na tsoka, ribarsa ba ta kai kalorin ƙaramin cokali biyu na sukari ba.

Inda tsoka ta fi tasiri shi ne yunwa. Binciken John Blundell da abokan aikinsa a Jami'ar Leeds ta Ingila ya nuna cewa yawan tsoka da gaɓoɓin ciki ya fi yawan kitse nuna yadda mutum zai ci. Dubi ɗan dako a kasuwa, ya tashi da malmala uku ta tuwo, amma babu teɓa. Jikinsa ne ke neman abin da yake kashewa.

Abin da ke damuna shi ne masu horar da kansu da yunwa. Kilo yana sauka, amma har da tsoka a ciki. Sinadarin leftin da ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi ya ragu, girelin mai tada yunwa ya ƙaru. Da an koma ci, kitse ne ke rigan tsoka dawowa.

Shekaru ma ana ɗora musu laifi fiye da kima. Binciken da Herman Pontzer ya jagoranta a 2021 ya gano cewa metabolizim ba ya sauyawa sosai daga shekara 20 zuwa 60. Zama ne ke yawa, tsoka na zubewa. Wake da ƙwai da kifi, tare da ɗaga abu mai nauyi sau biyu a mako, suna riƙe ta. Wanda kuma ƙibarsa ta zo da kasala da yawan jin sanyi, ya je asibiti a gwada masa tayirod, wata 'yar gaɓa ce a wuya da ke daidaita metabolizim.