Tsohuwar mota ta ɓarke da ƙara a hanya: daga ina ake fara bincike?

Yawancin motocin da ke hannunmu sun ci duniya kafin su iso mu. Wadda ta zo daga Amurka da mil 200,000 a mitarta ta riga ta haura kilomita 320,000, wannan ma idan ba a mayar da mitar baya ba. Irin wannan mota takan yi shekaru lafiya lau, rana ɗaya ta ɓarke da ƙarar da za ta sa gabanka ya faɗi. Ga abin da masu mota suka fi tambaya.

Ina cikin tafiya sai ƙara ta tashi daga gaba. Me zan fara yi?

Ka gangara gefen titi ka kashe ta. Kafin ka murza makulli, ka kalli abu biyu a gabanka: jar fitilar nan mai siffar buta, da allurar zafi. Idan butar na ci alhali inji na aiki, baƙin mai ba ya zagayawa yadda ya kamata, kuma kada ka sake tayar da ita ko da gida na ganinka. Ka ba ta minti biyar a wuri mai daidai, ka zaro ma'aunin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka leƙa ƙasa ko wani abu na zuba. Murfin lagireto kuwa kada ka taɓa shi da zafi, ruwan zai iya saɓule maka fata.

Injinan da suka buga a hannun masu cewa "bari in lallaɓa in kai gareji" ba su ƙirguwa. Kuɗin janwe komai yawansa bai kai kuɗin inji ba.

Ƙarar ta cika unguwa kamar injin markaɗe. Injin ya tafi ke nan?

Ba lallai ba. Ƙarfin ƙara ba shi ne ma'aunin haɗarinta ba, sau da yawa ma wadda ta fi tayar da hankali ita ce mai arahar gyara. Rugugin da ke ƙaruwa da ka taka totur, alhali mota na jan ta yadda ta saba kuma babu fitilar da ta kama, galibi salansa ce: bututu ya ruɓe, ko mahaɗa ta ɓalle bayan ka daki rami. Idan kuma lafiya ka ajiye ta da dare, da safe ta tashi da ruri, to a leƙa ƙasa a ga ko an yanke abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Ɓarayi na son sa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Za ka iya kai ta wurin mai walda da ƙafarta, amma ka sauke gilasai, domin hayaƙin da ke shigowa cikin mota yana kisa ba tare da ka ji warinsa ba.

Akwai wata kuma. Na taɓa ji a hanyar Kano zuwa Zariya, fat-fat-fat kamar ana harba bindigar toka a ƙarƙashin bonet, mota na karkarwa, ƙarfi ya ragu. Na riga na fara lissafin kuɗin inji. Da aka buɗe, ashe filogi ɗaya ne ya tsinke zarensa ya yi tsalle ya fito, yana reto a jikin wayarsa. Aka sa wa ramin sabon zare, muka kama hanya.

To wace ƙara ce ta nokin na gaske, wato bugun inji?

Ita ba ta da hayaniya sosai. Bugu ne mai nauyi daga can ƙasan inji, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana dukan tukunyar ƙarfe da taɓarya a cikin ɗaki. Yana bin gudun inji, ka taka ya ƙara sauri, kuma ya fi fitowa idan inji ya ɗau zafi mai ya tsinke.

Abin da ke faruwa shi ne, tsakanin karanshaf (babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji) da sandar fistin da ke juya shi akwai wasu ɓawon ƙarfe masu laushi da ake kira metal. A ka'ida ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a wurin, siririn mai ne da bai kai kaurin gashin kai ba yake raba su. Idan mai ya yi ƙasa, ko ya daskare ya toshe rariyar famfon mai, ko famfon ya gaji, sai metal ya cinye, a sami gili, wato giɓi. Duk juyi ɗaya sandar sai ta daki karanshaf. A ci gaba da tafiya a haka, ko inji ya ƙame, ko sandar ta karye ta fasa bulok ta leƙo waje. Da damina ma ana samun haka ga wanda ya kutsa cikin ruwa mai zurfi: inji ya shaƙi ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar ta lanƙwashe.

Tawa tik-tik take yi daga sama, kamar keken ɗinki.

Wannan ɓangaren bawul ne, abin da ake ce wa tafet. Kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul, juyi ɗaya yake yi a duk juyi biyu na karanshaf, shi ya sa bugun sama ya fi na ƙasa jinkiri da kaifi. Ka fara duba mai, domin sama ne ke fara jin ƙishirwa idan ya ragu. Idan da sanyin safiya kawai take yi, ta lafa bayan minti kaɗan, yana iya zama hayaƙi ne ke tsiyaya daga inda salansa ta kama jikin inji, ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe ya rufe kafar.

Wadda za a kula da ita ita ce kacau-kacau kamar ana jan sarƙa daga gefen da bel yake. Corolla ta 2003 da Accord ta 2003 mai silinda huɗu sarƙar taimin gare su, wadda ke haɗa karanshaf da kamshaf, kuma idan ta saki takan tsallake haƙori. Accord ta 1998 zuwa 2002 bel gare ta, in ya tsinke fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa su. Camry mai injin 2.2 ta waɗancan shekarun ita ma bel ce, amma in nata ya tsinke mutuwa kawai take yi a wurin.

Idan kuka ne ƙiiii, ko gurnani?

Fanbel ne, ko ɗaya daga cikin abubuwan da yake juyawa: altaneta, famfon ruwa, kwamfuresar AC, ko ƙaramin gargaren da ke ɗaure bel ɗin. Gwajin ba wuya. A cire bel, a tayar da mota na ƙasa da minti ɗaya. Ƙara ta ɗauke, matsalar a waje take. Sai a juya kowane da hannu a ji wanda ke ƙugi ko yake girgiɗi.

Ta yaya zan san bakanike ya gano abin, ba lalube yake ba?

Ka kalli abin da yake yi kafin ya ɗauki sifana. Gogaggen oga zai ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, yana matsawa daga murfin sama zuwa bulok zuwa kaskon mai har ya tsaya inda bugun ya fi ƙarfi. Zai cire wutar filogi ɗaya bayan ɗaya. Silindar da aka kashe bugun ya yi sanyi, a nan metal ya ci. Zai tsiyaye mai a faranti ya kai rana, in ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, magana ta ƙare.

Wanda ya ji ƙara daga nesa ya ce "Alhaji, sai an sauke inji", ka yi masa godiya ka nemi ido na biyu. A mota mai giyar otomatik, faifan da ke haɗa inji da giya kan tsage ya riƙa bugu sak irin na nokin, kuma an sha buɗe lafiyayyen inji a kan haka.

An ce in zuba mai mai kauri ƙarar za ta tafi.

Za ta ragu, ba za ta tafi ba. Mai irin 20W-50 yana cike gilin ya danne sautin na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ya cinye ba ya tsirowa. Dabara ce da wasu masu sayar da mota suka sani sarai, don haka in za ka sayi tsohuwa, ka zaro ma'auni ka murza man a yatsa, ka kuma saurare ta bayan ta yi zafi sosai.

Idan nokin ɗin ne, gyara zan yi ko sauya inji?

Ya danganta da lokacin da ka kashe ta. Idan da wuri ne, ana kai karanshaf a yi masa girandin, a rage 0.25 ko 0.50 na milimita, a sa metal mai kaurin da ya dace, a wanke hanyoyin mai, a duba famfon. Aikin na riƙewa in an auna da kyau. Idan bulok ya fashe, ko injin dama yana shan mai yana hayaƙi, sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemi na tokumbo. Ka je da bakanikenka, a buɗe murfin sama ka ga ko ciki ya yi baƙin dasƙare, a juya shi da hannu, kuma ku rubuta kwanakin gwaji a takarda kafin ka biya.