Zaɓar wa ɗa namiji gajeren suna: tambayoyi da amsoshi

Wane suna ne ake kira gajere?

Wanda bai wuce gaɓa biyu ba a baki, kuma haruffansa uku zuwa biyar a rubuce: Ali, Isa, Musa, Nuhu, Anas, Adam, Umar, Luka. Amma a ƙidaya gaɓa yadda za a furta sunan, kada a tsaya ga yadda yake a takarda. Harshen Hausa ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, shi ya sa Umar ke zama Umaru, Zaid ya koma Zaidu, Sa'ad ya koma Sa'adu. Wanda ke son suna ya zauna yadda aka raɗa shi, ya fi samun haka a sunan da ya ƙare da wasali, irin su Musa da Nuhu.

Me zai hana a sa dogon suna a riƙa gajarta shi?

Babu laifi a dogon suna. Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so, kamar yadda ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito. Matsalar tana wajen yanka. Idan aka ce Abdul kawai, an ce "bawan" an yi shiru, ba a faɗi bawan wa ba. Idan kuma aka jefar da gaba aka riƙe baya, aka ce Rahman ko Razak, an kira yaro da sunan da ya keɓanta ga Allah, kuma malamai sun hana hakan. Iyaye ba su da iko da abin da abokai da malaman makaranta za su yi wa dogon suna. In dai kun san a ƙarshe gaɓa biyu za a riƙa kira, gara ku zaɓi gaɓa biyun da ke da cikakkiyar ma'ana tun farko.

Yaya za a tabbatar da ma'ana?

A tambayi wanda ya san harshen da sunan ya fito, kuma a furta masa shi, domin a gajeren suna harafi ɗaya kan juya ma'ana. Ali na nufin maɗaukaki, Zaid ƙaruwa, Amin amintacce, Hasan kyakkyawa, Sa'ad sa'a. Zaid ɗan Harisa shi ne sahabi ɗaya tilo da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani, a aya ta 37 ta suratul Ahzab. Akwai kuma gajerun sunaye masu daɗin ji amma ma'anarsu ba ta da kyau: Harb yaƙi ne, Murra ɗaci. Jerin sunayen da ke yawo a intanet ba hujja ba ne, sau da yawa wani ne ya kwafa daga wani har da kuskuren.

Akwai gwajin da za a yi kafin a tsayar da shawara?

A haɗa sunan da na mahaifi a faɗa da sauri sau uku. Anas Sani zai fito "Anassani", domin s biyu sun haɗu sun zama ɗaya, mai rubutawa kuma sai ya tambaya ina na farkon ya ƙare. Isa Sa'idu ma yana sa harshe tuntuɓe. Sannan a ɗaga murya a kira sunan kamar yaron yana nesa, a ji ko yana tafiya. A kuma gwada shi da sunayen yayyensa: gidan da ke da Amir, in aka ƙara Amin, kullum mutum biyu za su amsa kira ɗaya.

Rubutun sunan fa?

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne wahala ke biyo baya bayan shekara goma sha. A zaɓi rubutu ɗaya, a rubuta da manyan baƙaƙe a miƙa wa mai cika takardar haihuwa, a duba kafin a bar wurin. Zaid, Zayd da Zaidu mutum ɗaya ne a gida, amma mutum uku ne a wajen kwamfuta, kuma bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta ya isa ya tsayar da neman fasfo ko buɗe asusun banki har sai an gyara.

Layuka biyun da na'ura ke karantawa a ƙasan shafin fasfo suna ɗaukar harafi 44 kowanne, kuma 39 ne aka ware wa suna gaba ɗaya. Gajeren suna ba ya fuskantar yankewa a nan. Sai dai layin ba ya karɓar alamar hamza, don haka Sa'ad zai fito SAAD. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma fom ɗin kwamfuta da yawa ba sa karɓarsu, Ɗaha sai ya koma Daha.

Idan uwa da uba sun saɓa?

Kowa ya rubuta sunaye biyar shi kaɗai, a haɗa takardun a ga wanda ya fito a duka biyun. In babu, kowa ya soke biyu daga jerin ɗan'uwansa, a yi wa shidan da suka rage gwajin baki da na rubutu.