Ina Sharar Gidajen Abinci da Mashaya Take Tafiya?

Me ya sa da wuya ka ga kwalbar lemo a bola?

Saboda kwalba kuɗi ce. Dila ba ya sauke wa mai gidan abinci ko mashaya sabon kiret sai an miƙa masa wanda aka shanye, kwalabe cif-cif. In ɗaya ta fashe, mai wurin zai biya. Kamfani ya wanke ta, ya sake cikawa. Shi ya sa yaron shago yake bin ka da ido har ka dire kwalbar. Jamus ta ɗora irin wannan tsari har a kan gwangwani da robar lemo: santi 25 na kuɗin Yuro ake riƙe maka, ka mayar a ba ka abinka.

To gwangwani da robar ruwa fa?

Su ma da masu so. 'Yan jari-bola kan saye gwangwani a kan sikeli, ya wuce hannun masu narka alminiyon, ya dawo tukunya ko ludayi. Roba mai murfi kuwa masu zoɓo da kunun aya ke nema, wadda ta lotse a niƙe ta a sayar wa masana'antu. Abin da ke karya mata daraja shi ne ƙazanta. Robar da ta kwana cikin miya da manja, mai saye zai yi ta ja da baya. Buhu ɗaya a gefe, na roba zalla, ya wadatar.

Ragowar abinci?

Masu kiwo sun daɗe da raba wannan gardama. Ƙanzo da ɓawon dankali ba sa kwana.

Man suyar da ya yi baƙi fa?

Kada a tuttula shi a kwata, daskarewa yake ya toshe magudana. Ana iya yin sabulu da shi, ko man injin dizal. Amma sayar da shi ga wani ya ci gaba da soya wa mutane abinci, wannan cuta ce.

Wanne ne ya gagara?

Farar robar tekawe mai kama da soso, sai leda. Ba su da nauyi a sikeli, ga maiƙo, don haka mai tsinta ba ya ɓata lokacinsa a kansu. Su ne ke cika magudanai da damina. Gwamnatin Legas ta haramta farar robar a watan Janairun 2024, masu abinci a can suka koma neman wasu mazubai.