Abin da ya sa jini kan sauka idan an jona marar lafiya da na'urar numfashi

"Sista, ai yana magana kafin ku sa masa wannan abin."

Wani dattijo ne ya faɗa mini haka a bakin ƙofar sashen kulawa ta musamman, wanda kowa ke kira ICU, hularsa a hannu yana ta murza ta. Ɗansa ne a ciki, saurayi da bai kai shekara 25 ba, taifot ya huda masa hanji. Kwana shida ya yi a gida, ga zazzaɓi ga amai, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Da aka kawo shi yana haki fiye da sau 40 a minti ɗaya, harshe ya bushe, tafin hannu ya yi sanyi. Likita ya zura masa roba ta maƙogwaro aka jona shi da na'urar numfashi. Ba a yi minti goma ba awon jininsa ya faɗo daga 95 bisa 60 zuwa 60 bisa 35. Mahaifin yana hango mu ta gilashi muna kai da kawowa da ledojin ƙarin ruwa.

Na ce masa, "Baba, idonka bai yi maka ƙarya ba. Na'urar nan tana iya saukar da jini, kuma mun san da haka tun kafin mu jona ta." Ba na son mu ma'aikata mu riƙa musanta abin da 'yan uwa suka gani da idonsu, don daga nan ne ake samun zancen da ke yawo a gari, wai duk wanda aka sa wa na'ura sai dai gawa. Gara a faɗi yadda abin yake.

Huhu da zuciya ɗaki ɗaya suke zaune, wato ƙirji, kuma ɗaki ne da haƙarƙari ya kewaye, ba ya buɗewa yadda aka ga dama. Lokacin da mai lafiya ya shaƙi iska, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan yi ƙasa, ƙirji ya faɗaɗa, sai iska ta zuƙo kanta ciki. Wannan zuƙar ba iska kaɗai take jawowa ba. Tana jawo jinin da ya gama zagaya jiki, daga ƙafafu da ciki da kai, ya gangaro ta manyan jijiyoyi biyu zuwa ɓangaren dama na zuciya. Kowane numfashi da muke yi, muna taya zuciya ɗibar jini ne ba tare da mun sani ba.

Ita na'ura akasin haka take yi. Hura iska take, kamar zugazugin maƙeri. Duk lokacin da ta hura, matsi ya ƙaru a cikin ƙirji, ya danne waɗannan jijiyoyi masu dawo da jini, waɗanda dama laushi gare su, jinin cikinsu kuma a hankali yake tafiya. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke faruwa idan aka taka mesar da ke kawo wa injin ban-ruwa ruwa daga rafi. Injin lafiyarsa ƙalau, yana ta ƙara, amma abin da ke fita ta ɗaya bakin ya ragu. Zuciya ma ba ta iya harba jinin da bai iso mata ba. A babban mutum da ke hutawa takan harba kimanin lita 5 a minti ɗaya. Idan abin da ke dawowa ya ragu, abin da ke fita ya ragu, sai awon jini ya faɗi.

Mutumin da jijiyoyinsa ke cike ba ya jin wannan sosai. Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda aka kawo a bushe: mai amai da gudawa, matar da ta zubar da jini bayan haihuwa, wanda ya yi haɗarin mota, ko irin saurayin nan da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa suka sassauta jijiyoyi. Mesa ce da dama ruwan cikinta kaɗan ne, ka kuma ɗora mata ƙafa.

Akwai ƙari a kan haka. Ba a iya zura wa mutum roba a maƙogwaro idonsa biyu, sai an ba shi maganin barci, kuma yawancin magungunan nan suna sassauta jijiyoyin jini. Sannan wanda ke kokawa da numfashi, firgici da wahala ne ke riƙe da awon jininsa. Da zarar barci ya ɗauke shi wannan tallafin ya tafi, sai ainihin halin da jikinsa ke ciki ya bayyana. Shi ya sa a wurinmu mintunan farko bayan jonawa sun fi kowane lokaci haɗari. Kafin a taɓa marar lafiya mukan tabbatar akwai hanyar ƙarin ruwa mai kyau, ko biyu, a rataye ruwa, a haɗa maganin da ke tsuke jijiyoyi irin su noradiranalin a ajiye kusa da hannu. Wani lokaci za ku ga mun ɗaga ƙafafun marar lafiya sama na ɗan lokaci. Gwaji ne. Jinin ƙafafu ne muke juyewa zuwa ƙirji mu ga ko zuciya za ta amsa. In ta amsa, ƙarin ruwa zai yi amfani. In ba ta amsa ba, ƙara ruwa cika huhu kawai zai yi. Ina faɗin wannan ne saboda sau da yawa 'yan uwa kan roƙe mu, "Don Allah a ƙara masa wata leda," suna ganin yawan ruwa shi ne yawan kulawa.

Sanin wannan ba na yau ba ne. Tun a 1948 André Cournand da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka suka auna suka nuna cewa hura wa mutum iska da matsi yana rage jinin da zuciya ke harbawa. A wancan zamani abin da aka fi amfani da shi wani akwatin ƙarfe ne da ake zura mutum ciki, kansa kaɗai a waje, akwatin yana zuƙo ƙirjinsa daga waje kamar numfashi na ɗabi'a. Sai a 1952 annobar shan-inna ta auka wa Kofanhagen, babban birnin Denmak. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka rasu. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a riƙa hura iska da jakar roba. Ɗaliban likitanci kusan 1,500 suka yi ta karɓa-karɓa suna matsa jakar da hannu dare da rana, mace-macen suka ragu ƙwarai. Daga nan hurawa ta maye gurbin zuƙa, kuma daga nan ne likitoci suka shiga koyon yadda za a ceci huhu ba tare da an takura wa zuciya ba.

Takurar ba a bakin shigowar jini kaɗai take ba. Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini ya ratsa ta cikin huhu ya ɗauko oksijin, kuma bangonsa siriri ne, bai kai rabin kaurin na hagu ba, don ba a halicce shi don dambe da matsi ba. Idan aka cika huhu da iska fiye da kima, ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da buhunan iska sukan matse, hanya ta ƙuntata, daman ya kumbura ya tokare hagun. Idan kuma aka bar huhu ya lotsa, nan ma jijiyoyin sukan tsuke. Tsakanin waɗannan biyu ake lalube. A allon na'ura akwai wani adadi da aka rubuta wa PEEP, wato ɗan matsin da ake bari a huhu bayan fitar iska don kada ya manne. Galibi daga 5 ake farawa, kuma duk lokacin da likita ya ƙara shi, idona a kan awon jini yake. A shekarar 2000 wani babban bincike a Amurka kan marasa lafiya 861 masu mummunan ciwon huhu ya gano cewa waɗanda aka hura wa iska kaɗan, mililita 6 a kowace hurawa ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayinsu, kashi 31 cikin 100 ne suka rasu, waɗanda aka hura wa ninkin haka kuwa kusan kashi 40.

Masu asma nasu daban ne. Iska tana shiga amma fitarta da wuya, kafin ta farko ta gama fita na'ura ta turo wata, su yi ta taruwa har ƙirji ya cika tam jini ya kasa dawowa. In kun ga nas ta cire na'urar na 'yan daƙiƙu tana danna ƙirji, ba ganganci ba ne, iskar da ta maƙale take fitarwa.

Amma fa akwai zuciyar da wannan matsin yake yi wa rana. Na tuna wata mai jego, sati uku da haihuwa, da aka kawo tsakar dare a zaune, don ta kasa kwanciya. Ƙafafu sun kumbura, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, kumfa mai ɗan ja-ja tana fitowa ta baki. Ciwon zuciya ne na bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa har likitocin Zariya suka yi ta rubutu a kansa tun shekarun 1970. Ɓangaren hagu na zuciyarta ya saki, jini ya yi cunkoso a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu. Ita matsalarta yawa ce, ba ƙaranci ba. Muka ɗaura mata abin rufe fuska mai turo iska da matsi, aka ba ta allurar Lasix mai fitar da ruwan jiki ta fitsari. Matsin ya rage jinin da ke tururuwa zuwa zuciyar da ta gaji, ya kuma sauƙaƙa wa hagun tura jini zuwa jiki. Ga wani sauƙin: mai lafiya kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na oksijin ɗin da jikinsa ke ci ne ke tafiya a aikin numfashi, amma mai haki irin nata yana iya haura kashi 20. Da na'ura ta karɓi wannan aikin, sai zuciya ta sami sarari. Kafin kiran assalatu ta jingina da matashi tana tambayar jaririyarta. Da za a sallame ta na roƙi surukarta, na ce, "Mama, don Allah a ɗaga mata kunun kanwa, gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Na'ura ɗaya ce, abin da ta yi wa saurayin nan daban, abin da ta yi wa mai jegon daban, bambancin kuwa halin da ta tarar da kowannensu.

Ƙoda ma takan ji a jikinta, don idan jinin da ke isa gare ta ya ragu sai ta riƙe ruwa da gishiri. Wannan ne dalilin da ya sa muke auna fitsari kowace awa, kuma muke hana masu jinya zubar da jakar fitsari ba mu gani ba.

Abin da ke hannunku 'yan uwa ya fi abin da kuke zato. Babba a ciki shi ne lokaci. Mai amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida, a kuma kama hanya. Mai jego da ke zubar da jini, ko take haki in ta kwanta, kada a jira gari ya waye. In an iso, a gaya mana gaskiya: kwana nawa bai ci bai sha ba, yana shan maganin hawan jini ne, yaushe ya sha na ƙarshe, yana da asma ko ciwon zuciya, an ba shi jiƙo ko wata allura a kyamis. Ba don mu yi faɗa muke tambaya ba, da amsar ne likita ke zaɓar maganin barcin da zai ba shi da yawan ruwan da za a rataya. In an ce a nemo jini, a taho da masu bayarwa da wuri. Kada kuma a ɗura wa wanda ke kan na'ura komai ta baki, ko zamzam ko rubutu, don huhu zai zarce. A tambaye mu, a shafa masa a goshi da hannu, a yi masa addu'a kusa da kunne. Ba kowa ne ke tashi daga kan na'ura ba, na rufe idon mutane da dama a ɗakin nan. Amma akasarinsu cutar da ta kawo su ce ta riga ta yi nisa.

Cire na'ura ma gwaji ne ga zuciya, shi ya sa ba a fizge ta rana ɗaya don marar lafiya ya buɗe ido. Da ya koma zuƙar iska da kansa, jini zai dawo da yawa, hagun zuciya ya koma ɗaukar cikakken kayansa, tsokar numfashi ta dawo da neman rabonta. Zuciya mai rauni tana iya kasawa, ruwa ya sake cika huhu. Don haka ake fara rage ruwan jiki in ya taru, sannan a bar shi ya gwada da kansa na minti 30 zuwa awa biyu, muna kallon bugun zuciya da awon jini da gumin goshinsa.

Shi saurayin nan, a daren farko sai da aka ƙara masa ruwa leda huɗu ta jijiya da noradiranalin kafin jininsa ya daidaita a shiga da shi tiyata. A kwana na huɗu muka gwada shi, minti 20 bugun zuciyarsa ya haura 130, muka mayar da shi. A kwana na shida ya cinye gwajin, likita ya zare robar. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa, murya a dishe, ita ce "ruwa". Mahaifinsa ya miƙe da kofi a hannu, na ce, "Baba, ɗan dakata, sai mun tabbatar yana iya haɗiya." Ya koma kan benci ya zauna, kofin a kan gwiwarsa, har bayan la'asar, sannan na kira shi ya ba ɗansa cokali uku da hannunsa.