Aikin jami'in wadatar abinci da farfaɗo da sana'o'i a lokacin bala'i: Tambayoyi da amsoshi

Matasa da yawa a Kano waɗanda suka karanta aikin gona, tattalin arziki ko kimiyyar abinci suna cin karo da tallan guraben aiki na ƙungiyoyin agaji masu neman jami'in wadatar abinci da hanyoyin samun abin masarufi, galibi a Borno, Yobe da Adamawa, kwanan nan kuma har da Katsina, Sakkwato da Zamfara. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yi.

Mene ne ainihin aikin wannan jami'i?

Jama'a sun fi ganin ranar rabo, amma rabo shi ne ƙarshen aiki. Kafin a ɗora buhu ɗaya a mota, dole jami'in ya san su wane ne ke cikin yunwa, me ya jefa su ciki, a wane wata za ta tsananta, kuma wane irin taimako ne ba zai lalata musu hanyar cin abincinsu ba. Masana sun ce wadatar abinci tana tsaye kan abubuwa huɗu: a sami abincin a ƙasa, magidanci ya iya mallakarsa, jiki ya amfana da shi, sannan hakan ya ɗore. Bakano ba ya buƙatar dogon bayani kan bambancin na farko da na biyu. Kasuwar Dawanau tana iya cika da gero, dawa, masara da wake, alhali a unguwannin da ba su da nisa da ita akwai gidajen da ba a ɗora tukunya ba tun safe. Haka aka gani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024: hatsi yana nan, kuɗin awo ne ya gagara.

Ta yaya ake tabbatar da cewa yunwa ta kai a kawo ɗauki?

A Afirka ta Yamma ana amfani da tsarin auna tsananin yunwa mai suna Cadre Harmonisé, wanda CILSS, hukumar yaƙi da fari ta ƙasashen Sahel, ke jagoranta. An kafa hukumar a 1973, a tsakiyar babban farin da ya addabi ƙasashen Sahel. A Najeriya ma'aikatar aikin gona ta tarayya ce ke haɗa jami'an jihohi da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su FAO mai kula da abinci da aikin gona da WFP mai kai agajin abinci, su zauna sau biyu a shekara, wajen watan Maris da kuma Oktoba ko Nuwamba, su sanya kowane yanki a ɗaya daga matakai biyar na tsananin yunwa. Daga mataki na uku ake buƙatar agajin gaggawa. Mataki na biyar shi ne babbar yunwa, kuma ba a furta shi da ka: sai an tabbatar cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na gidaje sun rasa abinci kusan gaba ɗaya, kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara suna fama da tamowa, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 suna mutuwa a kullum.

Alƙaluman da ake zama a kansu daga cikin gidaje ake samo su. Ana tambayar uwargida me aka ci a kwanaki 7 da suka wuce, sau nawa aka ci wake, nama, ganye ko madara. Ana tambaya ko manya sun haƙura domin yara su ci, ko an ci bashin hatsi, ko an sayar da akuya mai ciki, ko an daka irin shuka. Ana auna damtsen yara daga wata 6 zuwa 59 da zare mai launi uku, idan bai kai santimita 11.5 ba to tamowar ta yi tsanani. A ganina amsar tambayar akuya da iri ta fi kowace nauyi, domin gidan da ya cinye irinsa a watan Yuni ya riga ya shiga yunwar shekara mai zuwa. Watannin Yuni zuwa Agusta ne mafi wuya, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon amfani bai nuna ba, farashin kwano kuma ya kai ƙololuwa.

Abinci ake rabawa ko kuɗi?

Kasuwa ce ke yanke hukunci, kuma a nan ne gwanintar jami'in take bayyana. Ma'aunin agaji na duniya ya tanadi kalori 2,100 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) ga mutum ɗaya a rana, sai jami'in ya mayar da wannan zuwa kwanon hatsi, wake, mai da gishiri, ya kuma lissafa kuɗinsu a kasuwar garin. Idan kasuwa tana ci, hanya a buɗe take, 'yan kasuwa kuma suna iya ƙaro kaya ba tare da farashi ya tashi ba, kuɗi ko takardar karɓar kaya a shago sun fi alheri, domin magidanci zai sayi abin da iyalinsa ke ci, mai shago da ɗan dako su ma su samu. Idan kuwa hanya ta yanke saboda hari ko ambaliya, zuba kuɗi a garin da hatsinsa kaɗan ne tsada kawai zai haifar, har wanda ba ya cikin jerin masu karɓa ya ƙara shan wahala. A irin wannan hali dole a kai abincin da kansa.

Wannan hukunci ba a yanke shi sau ɗaya a huta. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna cewa mutum yana iya samun kuɗi a asusunsa ya kasa cire su, ko mai POS ya yanki kaso mai yawa. Saboda haka jami'in yana bibiyar farashi mako-mako, yana magana da dillalai, yana kuma lura da cewa babban sari da ƙungiya za ta yi a Dawanau yana iya ɗaga farashi ga talakan Kano da ba a yi niyyar cutar da shi ba.

To me ake nufi da farfaɗo da sana'o'i?

Ana nufin tsare abin da gida yake rayuwa a kansa, ko mayar masa da shi idan ya salwanta. Ga manomi, iri mai saurin nuna da taki, kuma sharaɗin su iso kafin ruwan shuka, domin irin da ya zo a makare tukunya yake shiga. Ga wanda ke kusa da fadama, kayan noman rani da injin ban-ruwa. Ga makiyayi, allurar dabbobi da abincinsu a bazara. Ga mata, awaki, jarin ƙosai ko awara, da ƙungiyoyin adashi. A sansanonin gudun hijira na Borno har murhu mai tsimin itace ana bayarwa, saboda fita daji neman itace tana jefa mata cikin haɗari.

A birni lissafin ya bambanta. Wanda ya gudo daga ƙauyen Zamfara ya sauka a gefen Kano ba shi da gona, abin da yake da shi ƙarfinsa ne, ko dai ga-ruwa, ko turin baro, ko leburanci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a koya wa matan unguwa ɗaya ɗinki gaba ɗayansu, a raba musu keke, ba tare da an tambayi wa zai kawo musu ɗinkin ba.

Wa ke zaɓar waɗanda za a taimaka wa?

Wannan ne wuri mafi ɗaci a aikin, domin kayan ba su taɓa isar kowa. Ana fara shimfiɗa sharuɗɗa tare da jama'a: gidan da mace ke riƙe da marayu, gidan da ke da yaro mai tamowa, tsofaffi, masu buƙata ta musamman. Mai unguwa, dagaci da liman suna da muhimmanci ƙwarai, kuma ba a shiga gari a bayan idonsu, amma ba a bar musu rubuta suna su kaɗai. Ana kafa kwamiti mai mata a ciki, a bi gida-gida a tantance, a kuma buɗe hanyar kai ƙorafi. Ƙa'idar agaji ita ce buƙata kaɗai ake dubawa, ban da jam'iyya, ƙabila ko addini, kuma ba a biyan ko sisi, ba a neman wata alfarma daga mace domin a saka sunanta. Jami'in da ba zai iya cewa a'a ga babban mutum cikin ladabi ba, aikin nan zai yi masa wuya.

Wane karatu ake buƙata?

Digiri a aikin gona, tattalin arzikin noma, kimiyyar abinci ko nazarin zamantakewa ya isa a fara, kuma Jami'ar Bayero, da cibiyarta ta nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, da jami'ar Wudil duk suna horar da irin waɗannan ɗalibai. Sai iya Excel, da manhajar tattara bayanai a waya kamar KoboToolbox, da rubuta rahoto da Ingilishi mai tsabta. Hausa jari ce babba, Kanuri ko Fulatanci ƙari ne. Yawanci ana farawa ne a matsayin mai tattara bayanai ko ɗan sa-kai a ƙungiyar cikin gida. Ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi kafin ta ɗauki mutum aiki.

Akwai haɗari? Kuma aikin yana ɗorewa?

Akwai. An kashe ma'aikatan agaji a harin da aka kai garin Rann na jihar Borno a watan Maris 2018, an kuma sace wasu a hanyoyin Borno a shekarun da suka biyo baya. Shi ya sa akwai garuruwan da jirgi mai saukar ungulu ne kaɗai ke kai ma'aikata, kuma dokokin tsaro na ƙungiya ba abin wasa ba ne. Ya kamata mai iyali ya zauna da iyayensa da matarsa, ko mace da mijinta, a tattauna wannan kafin a sa hannu a takarda.

Game da ɗorewa kuwa, kwantiragin yawanci na wata 6 ne zuwa shekara ɗaya, kuma yana rataye da kuɗin masu ba da tallafi. Lokacin da Amurka ta zaftare tallafinta na ƙasashen waje a 2025, shirye-shirye da dama sun tsaya a arewa maso gabas, ma'aikata suka rasa aiki, masu karɓar agaji suka ragu. Wanda ya ƙware a nazarin kasuwa, tattara bayanai da harkar iri yana iya komawa hukumar agajin gaggawa ta NEMA ko takwararta ta jiha, hukumar raya aikin gona ta KNARDA, cibiyoyin binciken aikin gona irin su IITA da ICRISAT masu ofisoshi a Kano, ko kamfanonin sayen amfanin gona.